Wa ya koya wa malamin lissafi lissafi? Daga Grade II zuwa NCE

Yau daga Zuru nake magana, kuma tambayar da na zo da ita ita ce: malamin da ke koya wa ɗan aji uku raba goma sha biyu gida huɗu, shi a ina aka horar da shi?

Tushen abin dai Katsina ne. A 1921 Turawa suka buɗe kwalejin horon malamai a can, wadda ta yaye irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa. A wancan zamanin malanta ce ƙofar komai. Shi kansa Shehu Shagari kimiyya ya koyar a Midil ta Sakkwato, kafin ya zama hedimasta a Argungu.

Amma wanda ya riƙe firamare shekara da shekaru, a ƙasar Zuru da sauran Arewa, shi ne mai takardar Grade II. Yaro zai gama firamare ya shiga kwalejin malamai, ya yi shekara 5. Ba a ware masa darasi ɗaya ba, komai na aji shi ne: lissafi, kimiyya, Turanci, har aikin gona. Ana tura shi koyarwar gwaji, ana duba littafin shirin darasinsa da jan biro. Kayan aikinsa kuwa tsinke, tsakuwa da marfin kwalba. Kada ku raina wannan, wallahi. Yaron da ke ƙirga da C'Lela a gida, da Hausa a kasuwa, sannan a ce ya ƙirga da Turanci a aji, tsakuwar nan ce ke haɗa masa ukun wuri guda.

Sai 1976 ta zo. Gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, ilimin firamare kyauta. An yi hasashen yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3. Ina malamai? Aka shiga horon gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna a shekarar. Yawa ya samu, amma wasu sun riƙi alli ba su gama ƙwarewa da lissafin da za su koyar ba.

Daga baya gwamnati ta ce NCE ce mafi ƙarancin takardar shiga aji, aka bi kwalejojin Grade II ana mayar da su sakandare. To a nan, a ganina, aka yi tuya aka manta albasa. Ita NCE, tun da aka faro ta a manyan kwalejoji irin ta Zariya a 1962, don malaman sakandare aka tsara ta: ka ɗauki darussa biyu ka zurfafa. Mai ƙoƙari a lissafi ya karanci lissafi ya nufi sakandare. Wanda ya karanci Hausa da tarihi, wataƙila don gudun lissafin ma, shi ake miƙa wa aji huɗu a ce koyar da komai.

An yi yunƙurin gyara. Hukumar NCCE, mai kula da kwalejojin ilimi tun 1989, ta sake tsarin a 2012 don a horar da malamin firamare daban. A 2006 kuma aka fara shirin SMASE da tallafin Japan, ana sake horar da malaman firamare kan lissafi da kimiyya, farawa da jihohin Kaduna, Neja da Filato.

Bayan an ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991, a Argungu aka kafa kwalejin ilimin jihar, wadda ke ɗauke da sunan Adamu Augie. Ɗan Zuru mai son NCE kan nufi can, ko ya tsallaka Kontagora. Ku tambayi waɗanda suka je, cikinsu nawa ne suka zaɓi sashen firamare da son ransu, nawa ne aka tura su don gurbin da suke so ya cika.