Yadda adireshin gida ya maye gurbin jarrabawa a sakandaren Ingila

Iyalin da suka yi ƙaura zuwa wani birni a Ingila da yaro ɗan shekara 11 ko fiye, abu na farko da ke jiransu wajen ƙaramar hukuma shi ne fom ɗin neman gurbi a sakandaren gwamnati. Ana rubuta sunayen makarantu aƙalla uku, a Landan kuwa har shida. Wanda ya ga haka sai ya ɗauka an ba shi wuƙa da nama. Alhali abin da doka ta ba iyaye shi ne damar faɗin makarantar da suka fi so kawai. Da zarar masu nema sun fi kujeru yawa, abin da ya fi yanke hukunci shi ne tazarar da ke tsakanin ƙofar gida da ƙofar makaranta. Gwagwarmayar shekara 80 ce ta haifar da wannan tsari, kuma saninta na iya hana baƙo sa hannu a takardar hayar da za ta zame masa da-na-sani.

A shekarar 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, majalisa ta zartar da dokar ilimi da aka fi sani da sunan ministan da ya gabatar da ita, R. A. Butler. Dokar ta mayar da karatun sakandare kyauta ga kowane yaro a Ingila da Wales. Wajen aiwatarwa aka kasa makarantu gida uku: na girama, ga waɗanda ake kyautata zaton za su kai jami'a, na koyon fasaha, waɗanda ba a gina da yawa ba, sai waɗanda aka kira na zamani, inda aka zuba mafi yawan yara. Jarrabawa guda da yaro ke yi yana ɗan shekara 11 ita ke raba gardama. Kimanin ɗaya cikin huɗu ko biyar ne ke shiga girama, kuma adadin ya danganta da yawan kujerun da hukumar kowane yanki ta tanada. Ke nan tun a lokacin, inda iyaye suka zauna yana da hannu a makomar yaro.

Suka ta yi yawa. Aka lura cewa 'ya'yan masu hali ne suka fi cin jarrabawar, kuma ana rufe wa yaro ƙofa tun bai san ciwon kansa ba. A 1965 ministan ilimi na gwamnatin Leba, Anthony Crosland, ya aika wa ƙananan hukumomi takarda mai lamba 10/65, yana neman su haɗe makarantun su zama na kowa da kowa, ba tare da jarrabawar shiga ba. Margaret Thatcher ta janye takardar da ta karɓi ma'aikatar a 1970, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, hukumomi suka ci gaba da sauya makarantunsu. A yau makarantun girama 163 suka rage a Ingila, kuma yankuna kamar Kent da Buckinghamshire har yanzu suna tace yara da jarrabawa.

Sai dai kawar da jarrabawa bai ƙara kujeru a makarantun da ake rububi ba. Dole a samo wani ma'auni, kuma wanda aka samu shi ne taswira: kowace makaranta da unguwannin da take ɗiba. An gudu ba a tsira ba, domin unguwa ma kuɗi ke sayenta.

Gwamnatocin masu ra'ayin riƙau suka ce maganin shi ne gasa. Dokar 1980 ta ba iyaye damar bayyana son ransu da kuma ɗaukaka ƙara idan an ƙi ɗansu. Dokar 1988, wadda Kenneth Baker ya kawo, ta wajabta wa makaranta ɗaukar yara har sai ta cika, ta kuma ɗaura kuɗin da take samu a kan yawan ɗalibanta. A 1989 kotu ta yanke, a shari'ar da ta shafi hukumar Greenwich a Landan, cewa ba a fifita yaro don kawai yana zaune cikin iyakar ƙaramar hukuma. A 1992 aka kafa hukumar duba makarantu ta Ofsted, aka kuma fara buga jadawalin sakamakon jarrabawa na kowace makaranta. Iyaye suka san wadda ta yi zarra, suka yi mata ca. Amma makaranta ba rumfar kasuwa ba ce da za a faɗaɗa cikin dare. Wadda ta cika sai ta koma tace masu nema, mafi sauƙin matata kuwa ita ce awon nisa.

Abin da ya biyo baya ba boyayye ba ne. Gidajen da ke kusa da makarantun da suka yi suna suka ƙara tsada. Wasu iyaye suka riƙa kama hayar ɗaki na ɗan lokaci, ko su ba da adireshin dangi. A 2008 ta bayyana cewa hukumar garin Poole ta yi amfani da dokar sa ido kan masu laifi ta bibiyi wani iyali a asirce, don ta tabbatar ko da gaske suna zaune a inda suka rubuta wajen neman gurbin firamare. A 2010 wata kotu ta musamman ta ce hukumar ta wuce gona da iri. Hukumar Brighton da Hove kuwa ta bi wata hanya a 2008, ta shigo da ƙuri'a wajen raba kujerun makarantun da aka yi wa yawa, ko da yake a cikin iyakokin da ta shata ake jefa ta.

Tun daga dokar 2010, mafi yawan sakandaren gwamnati sun zama abin da ake kira akademi, sun fita daga hannun ƙananan hukumomi, kowace tana tsara sharuɗɗan ɗibanta a ƙarƙashin kundin ƙa'idoji na ƙasa. Yaran da ke hannun kulawar hukuma ne a sahun gaba. Daga nan galibi sai masu wa ko ya a makarantar, sai makusanta. Makarantun addini na iya fifita mabiyansu.

Wanda ya tashi a Najeriya, inda jarrabawar shiga da makarantar kwana suka raba karatu da unguwa, har ɗan Sakkwato ya yi sakandare a Zariya, yakan kama gida tukuna sannan ya nemi makaranta. A Ingila wannan jeri na iya jawo asara. Ana rufe karɓar fom ranar 31 ga Oktoba, a sanar da sakamako ranar 1 ga Maris, a fara karatu a Satumba. Wanda ya iso bayan haka sai ya nemi gurbin tsakiyar shekara, lokacin da makarantun da ake so suka riga suka cika. Hukuma za ta sama wa yaron kujera, amma a inda ta rage.

Abubuwa uku ke taimakon baƙo. Na farko, hukumomi da yawa suna buga nisan gidan yaro na ƙarshe da kowace makaranta ta ɗauka a bara, don haka ana iya auna gida kafin a biya kafin alƙalami. Na biyu, jerin masu jiran gurbi yana bin sharuɗɗan ɗiba ne, ba ranar da aka nema ba, saboda haka wanda ya tare kusa yau na iya tsallake wanda ya yi wata shida yana jira. Na uku, rubuta makaranta ɗaya tak ba ya ƙara wa yaro dama. Cike dukkan guraben fom, har da makarantar da ake da tabbacin samu, shi ke hana a jefa shi can wani gefen gari. Idan duk da haka aka ƙi shi, kwamitin ɗaukaka ƙara mai zaman kansa, gadon dokar 1980, yana nan zai saurari iyaye.