El-Wafi: Gwarzon Gudun da Faransa Ta Manta

Da yawanmu mun san Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun yada-ƙanin-wani ba takalmi a birnin Rum a 1960. Amma shekara 32 kafin shi, wani Musulmi ɗan Afirka ya riga ya ɗauki wannan zinariya. Sunansa Ahmad Bugera El-Wafi, an haife shi a 1898 a yankin Ulad Jalal na Aljeriya, lokacin tana hannun Faransa.

Aikin soja ne ya kai shi Turai. Da ya ajiye kaki sai ya zama lebura a kamfanin motoci na Renault, a gefen Faris, yana gudu bayan an tashi aiki. A wasannin Olamfik na 1924 ya zo na bakwai. A 1928 kuwa, a Amstadam, ya bar na gaba su gaji, sannan ya riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya. Ya cinye kilomita 42 da mita 195 cikin awa 2 da minti 32 da daƙiƙa 57. Tutar Faransa aka ɗaga. Gumi nasa, suna nasu.

To, daga nan ne labari ya juya. Masu shirya wasanni suka kai shi Amurka yana tsere ana biyansa. A dokar wancan zamani, ɗan wasan da ya karɓi kuɗi ya fita daga sahu, ko da talaka ne futuk. Da ya dawo sai hukumar wasanni ta rufe masa ƙofa. Ɗan abin da ya tara ya zuba a shagon shayi a Faris tare da wani abokin hulɗa. Abokin ya cuce shi, jari ya karye.

Haka ya koma ƙwadago, ba mai cigiyarsa, har 1956 da wani ɗan Aljeriyan, Alain Mimoun, ya sake ci wa Faransa irin wannan gudu a Melbon. Sai a lokacin aka tuna ashe akwai na farko. Aka same shi cikin talauci, jaridar L'Équipe ta buɗe masa asusun taimako. Ranar 18 ga Oktoba, 1959, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Aljeriya, aka harbe shi a unguwar San Deni, yana da shekara 61. Yana kwance a maƙabartar Musulmi ta Bobinyi. Allah Ya jiƙansa.

Jama'a, mu nan Jimeta kakanninmu fatauci da almajirci suka kawo su daga Kano da Katsina da Zazzau, don haka mun san zaman baƙunta. Abin da ya riƙe su sana'a ce a hannu, da abokin ciniki mai amana, da unguwar da in an kwana biyu ba a ga mutum a sahu ba za a je a ƙwanƙwasa masa ƙofa. El-Wafi bai sami ko ɗaya ba.

Yanzu ga yaranmu suna gudu da ƙwallo a filin Ribadu, wasu na mafarkin Turai. Kada mu hana su. Amma ƙafa tana da wa'adi. Duk wanda zai tafi mu tabbatar ya koyi sana'a, an karanta masa takarda kafin ya sa hannu, kuma ya san gidan da zai dawo.