Dillali ko Mai Kanti? Yadda Indiya Ta Yi Fama da Ma'anar Kasuwancin Intanet

Maƙalar wannan mako ta leƙa ƙasar Indiya, inda aka shafe shekaru ana jayayya kan tambaya guda: kamfanin da ya buɗe shafin saye da sayarwa a intanet, dillali ne ko mai kanti?

Bahaushe ya san bambancin. Mai kanti ya sayi kaya da kuɗinsa, ya ajiye, ya yanka farashi, riba ko faɗuwa tasa ce. Dillali kuwa haɗa mai saye da mai sayarwa yake yi, ya karɓi la'adarsa. A Indiya wannan bambanci ya zama maganar biliyoyin daloli.

Tushen abin shi ne ƙananan shagunan unguwa da Indiyawa ke kira kirana. Miliyoyin iyalai da su suke cin abinci, ga kuma yawan ƙuri'a. Shi ya sa gwamnatocin ƙasar suka daɗe suna hana jarin waje shiga harkar sayar da kaya ɗai-ɗai ga jama'a. A shekarar 2000 an yarda baƙi su zuba jari ɗari bisa ɗari a cinikin intanet, amma tsakanin kamfani da kamfani kawai. Ko a 2012, da aka ba su damar mallakar kashi 51 na manyan kantuna masu sayar da kayan kamfanoni daban-daban, ba a haɗa da intanet ba.

Sai dai kasuwa ba ta jira doka ba. A 2007 Sachin Bansal da Binny Bansal suka kafa Flipkart a birnin Bengaluru, suka fara da sayar da littattafai, daga baya kuɗin masu jari na ƙetare ya kwararo. Amazon ta Amurka ta iso a 2013. Kowannensu ya ce shi fili kawai ya shimfiɗa, wasu ne ke kasa kaya. Amma da ka duba sai ka ga wasu 'yan kasuwa ƙalilan ne suka mamaye filin. A Flipkart akwai WS Retail, wanda masu Flipkart ɗin ne suka kafa shi tun farko. A Amazon akwai Cloudtail, mallakin wani kamfanin haɗin gwiwa tsakanin Amazon da kamfanin jarin attajiri Narayana Murthy. Masu shaguna suka ce wannan ai mai kanti ne ya sa rigar dillali, yana karya farashi da kuɗin waje. A 2015 wasu ƙungiyoyinsu suka kai ƙara Babbar Kotun Delhi.

Ranar 29 ga Maris 2016 gwamnati ta fitar da sanarwar da ta raba gardama a rubuce. Ta ce cinikin intanet iri biyu ne. Na farko, shafin da ke haɗa mai saye da mai sayarwa kawai: nan baƙo zai iya zuba jari ɗari bisa ɗari. Na biyu, shafin da ya mallaki kayan yana sayar wa jama'a kai tsaye: nan ba a yarda da jarin waje ba. Daga cikin sharuɗɗan da ta ƙara, ga biyu. Kada mai shafi ya sa hannu a farashi, a fili ko a ɓoye, kuma kada ɗan kasuwa guda ya wuce kashi 25 na cinikin shafin.

Kamfanonin ba su tsaya ba. Tunda an ce kada mutum ɗaya ya wuce kashi 25, sai aka raba cinikin ga manyan 'yan kasuwa da dama. A watan Mayun 2018 Walmart ta sanar da sayen kusan kashi 77 na Flipkart kan dala biliyan 16, sai ƙungiyar 'yan kasuwa ta CAIT ta fito zanga-zanga.

Ana saura watanni kaɗan a yi babban zaɓe, ranar 26 ga Disamba 2018, gwamnati ta ƙara ɗaure igiyar. Duk kamfanin da mai shafi ke da hannun jari a cikinsa, ba zai sayar da kaya a shafin ba. Duk wanda ya sari fiye da kashi 25 na kayansa daga mai shafi ko 'yan uwan kamfaninsa, za a ɗauka kayan na mai shafin ne. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Fabrairu 2019, nan take kayayyaki da yawa suka ɓace daga shafin Amazon. Cikin 'yan kwanaki Amazon ta rage rabonta a uwar kamfanin Cloudtail daga kashi 49 zuwa 24, kaya suka dawo. A 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta ba da umarnin bincikar Amazon da Flipkart, Cloudtail kuma ya daina ciniki a 2022.

Abin lura a nan, 'yan uwa, shi ne inda rigimar ta tsaya. Ba wanda ya musa cewa kayan mai kanti nasa ne. Kalmar “mallaka” ce ta gagara. Sanarwar 2016 ta duba sunan wanda ke kan takardar kaya, sai lauyoyi suka canza sunan. Ta 2018 ta koma duba wanda ke juya kayan da wanda ke da hannun jari, sai aka canza lissafin jarin. Kowane gyara ya biyo bayan ƙofar da rubutun baya ya bari a buɗe.

Mai son gwada alƙalaminsa, ga aiki: rubuta ma'anar “dillali” a jimla ɗaya, yadda mai kanti ba zai samu hanyar fakewa a cikinta ba. Ku ajiye amsoshinku a ƙasa, mu gwada su tare. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.