Adana Tsofaffin Gidajen Sarauta da Amfani da Su: Bayani da Shawarwari ga Jama'ar Gure da Kewaye

Gabatarwa

Mai karatu, in ka taɓa shiga tsohon gidan sarauta, ka san cewa ginin ƙasa ba ya son a bar shi shi kaɗai. Ɗakin da ake shiga kullum, mutane na lura da shi, su toshe tsaga tun tana ƙarama. Wanda aka rufe kuwa, sai jemagu da gara su gaje shi, damina biyu ko uku ta kai shi ƙasa. Wannan bayani an shirya shi ne domin sarakuna da hakimai, da ma'aikatan magajin gari, da malaman yaƙi da jahilci, da duk mai son ganin gidajen kakanni sun tsaya, kuma sun amfani mutanen yau.

Tarihi a taƙaice

Gure tana gabas da Damagaram, tafiyar fiye da kilomita 150 a kan babbar hanyar da ke zuwa Difa. A ƙarni na 19 ita ce mazaunin sarautar Muniyo, wadda ke bin Barno. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a garin cikin watan Disamba na 1852, a zamanin Muniyoma Koso, sa'an nan ya wuce zuwa Damagaram.

Gidan sarauta mafi shahara a wannan jaha shi ne fadar Sarkin Damagaram da ke unguwar Birni, wadda aka gina wajen 1850. Sunan Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, shi ya fi haɗuwa da ita da kuma ganuwar birnin. Faransawa sun ci garin a 1899, kuma Damagaram ta zama hedkwatar mulkinsu a Nijar daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka koma Yamai. A 2006 Nijar ta sa tsohon garin, da unguwar Birni da fadar, cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. A shekarar ce kuma aka sa fadar Zarmakoy ta Doso cikin wannan jeri.

Me ya sa batun yake da gaggawa?

A farkon watan Satumba na 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin Birni da ke Damagaram, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Kafin wannan, a watan Agusta na 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta kan masallata, aka yi asarar rayuka. Waɗannan abubuwa biyu sun nuna mana cewa gyaran tsohon gini ya shafi tarihi, ya kuma shafi tsaron rayukan masu shiga cikinsa.

Abubuwan da ke kashe ginin ƙasa

1. Ruwa daga sama. In indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya kwanta a kan soro, ya ratsa har ya riski azara.
2. Ruwa daga ƙasa. In aka ɗaga titi ko aka cike lungu ya fi gindin bango tudu, ruwa zai riƙa taruwa yana cin tushen ginin.
3. Gara da zago, masu cin itacen rufi daga ciki ba tare da an gani ba.
4. Yaɓen siminti a kan bangon ƙasa. Ana ganin kamar kariya ce, amma siminti ba ya barin danshi ya fita. Ƙasar da ke bayansa sai ta jiƙe ta yi laushi, wata rana yaɓen ya ɓalle ya tafi da fuskar bangon.
5. Ƙarancin magina masu sanin aikin gargajiya, domin matasa sun karkata ga bulo da kwano.

Mene ne sabunta amfanin tsohon gini?

Ma'anarsa ita ce a ba tsohon gini wani aiki na yau ba tare da an ɓata siffarsa ba. Yarjejeniyar da masana gyaran gine-gine suka tsara a birnin Benis na Italiya a 1964 ta amince da cewa amfani da gini don wata buƙatar jama'a yana taimaka wa adana shi, muddin ba a sauya tsarinsa ko adonsa ba. Ga misalai:

Gidan Makama a Kano, wanda tarihinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), Turawan Ingila sun yi ofis a cikinsa bayan 1903. Daga baya aka mayar da wani sashensa gidan adana kayan tarihi.

Fadojin sarakunan Dahome da ke Abome a Jamhuriyar Benin sun shiga jerin UNESCO a 1985, tare da sanarwar cewa suna cikin haɗari. Bayan aikin gyara na shekaru, aka cire su daga cikin masu haɗari a 2007. A fadojin Sarki Gezo da Sarki Glele ne gidan tarihin garin yake.

Tsohon garin Agadas, da fadar Sarkin Abzin da hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27, ya shiga jerin a 2013. Abin koyi a can shi ne al'adar sake yaɓen masallacin lokaci zuwa lokaci.

Wane aiki ya dace, wane bai dace ba?

Ku tuna cewa gidan sarauta ba kango ba ne. Akwai iyali a ciki, akwai wurin zaman fada da sasanta husuma, wani lokaci har da kaburburan sarakuna. Saboda haka a fara raba gidan kashi uku: wurin da ya keɓanta ga iyali, wurin da ake girmamawa ba a taɓa shi, da wurin da jama'a za su iya shiga, kamar zaure da shigifa da ɗakunan da ke farfajiyar waje.

A kashi na uku ana iya buɗe ajin karatun manya, ko ƙaramin ɗakin karatu, ko ma'ajiyar takardun ajami da na Larabci, ko ɗakin nuna tambura da kayan doki da makaman da, ko wurin da dukawa da masaƙa za su baje kayansu. Zauren ƙasa yana da sanyi a lokacin bazara, kuma dattijon da ke jin nauyin zama a ajin yara ba ya ƙin zuwa ƙofar fada.

Abin da bai dace ba shi ne injin niƙa ko janareta a jikin bango, domin girgiza tana tsaga shi. Da ajiyar fetur. Da dafa abinci a ƙarƙashin rufin azara. Da jibge buhunan hatsi da ke jawo ɓeraye. Makewayi da famfo kuma a yi su nesa da tsohon bango.

Matakan da za ku bi

Na farko, a nemi yardar sarki da iyalan gidan, a rubuta yarjejeniya da ke faɗin ɗakunan da aka ba da aro, da tsawon lokaci, da wanda gyara ya rataya a wuyansa.

Na biyu, a sanar da hukuma. Nijar tana da doka mai lamba 97-022 ta ran 30 ga Yuni 1997 game da kare kayan tarihi da al'adun ƙasa. Kafin a rushe ko a sauya wani abu, a tuntuɓi ma'aikatan al'adu na jaha.

Na uku, a rubuta tarihin kowane ɗaki daga bakin dattawa, maza da mata, a ɗauki hotuna, a auna tsawo da faɗi. Ɗaliban ajin yaƙi da jahilci za su iya wannan aiki, ya zama musu darasin rubutu da lissafi. In ɗakin ya faɗi wata rana, da wannan rubutu za a sake tayar da shi.

Na huɗu, a kira magina na gargajiya su duba rufi da tushe kafin kowa ya fara zama a ciki. Ɗakin da azararsa ta lanƙwashe ko bangonsa ya karkata, a rufe shi har sai an gyara.

Na biyar, a gyara da irin kayan da aka yi ginin da su: tubali da jar ƙasa da aka cuɗa da ciyawa, da azara, da makuba ta kwasfar ɗorawa don yaɓen waje. Duk wani sabon abu, kamar wayar lantarki ko kantar littattafai, a sa shi yadda za a iya cire shi ba tare da an fasa bango ba.

Na shida, a haɗa kowane magini da matasa masu koyo, domin sanin ya wuce zuwa gaba.

Na bakwai, a kafa kwamiti da asusu. Kuɗin shiga na baƙi da na hayar wurin masu sana'a su tafi asusun gyara, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Kada a dogara da baƙi daga ƙasashen waje ko taimakon ƙungiyoyi kaɗai, domin suna zuwa suna ɗaukewa.

Aikin kowace shekara

Kafin ruwan farko, a share saman soro, a buɗe indararo, a toshe tsaga, a gyara magudanar ruwa a gindin bango. A cikin damina, a zagaya gidan bayan kowane babban ruwa. Da kaka, a sake yaɓen wuraren da suka zaizaye, a duba alamun gara.

Kammalawa

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kuɗin yaɓen shekara kaɗan ne in aka gwada shi da na tayar da soron da ya faɗi, kuma zanen da hannun maginin da ya yi, in ya tafi, ba ya dawowa. Saboda haka, kafin damina mai zuwa, ku zauna da sarkinku da maginan garinku, ku zaɓi ɗaki ɗaya, ku fara da shi.