Daga Wimbledon zuwa Bisley: tarihin gasar harbi a Ingila

Gasar harbin bindiga da ake yi kowace shekara a Bisley, cikin yankin Surrey a kudu maso yammacin Landan, tsoron yaƙi ne ya haife ta. A shekarar 1859 an shiga zullumi a Birtaniya cewa Faransa, ƙarƙashin Napoleon na Uku, za ta iya tsallako teku ta kawo hari. Gwamnati ta ba da izinin kafa rundunonin 'yan sa-kai, sai ga akawuna da lauyoyi da masu shaguna sun yi tururuwa suna ba da sunayensu. Akasarinsu kuwa ba su taɓa riƙe bindiga ba. Domin a koya musu saiti ne wasu manya, cikinsu har da Lord Elcho, suka kafa ƙungiyar National Rifle Association a wannan shekarar. Ita ce ta girmi takwararta ta Amurka mai irin sunan, wadda ba a kafa ba sai 1871.

An yi taron farko a filin Wimbledon ranar 2 ga Yulin 1860. Sarauniya Biktoriya ce ta buɗe shi. An ɗaure bindiga ƙirar Whitworth a kan wani ƙarfe, an riga an daidaita mata saiti, aka ɗaura zaren siliki a kunamarta. Sarauniya ta ja zaren, harsashi ya tafi yadi 400 ya sauka dab da tsakiyar allo. Ta kuma sa kyautar fam 250, wato Kyautar Sarauniya, kuɗin da ya fi abin da lebura ke samu a shekaru da dama a wancan zamani. Wani saurayi, Edward Ross, shi ne ya fara cin ta.

Tun daga nan gasar ta soma jawo baƙi. A 1862 aka fara karawa tsakanin Ingila da Sikotland a kan garkuwar Elcho, daga baya Ailan ta shigo. Makarantu suka samu tasu garkuwar, ta Ashburton. Maharban Kanada suka fara ƙetaro teku a farkon shekarun 1870, a daidai lokacin da aka soma gasar kofin Kolapore, wanda ya ci sunan wani basaraken Indiya da ya ba da kuɗinsa. Tafiya ce ta kwanaki a jirgin ruwa, ga akwatunan bindigogi, ga kwana a tanti na tsawon mako biyu, duk don a kwanta rub da ciki a harba 'yan harsasai. Wannan zuwa da ake yi shekara bayan shekara shi ya raya gasar bayan tsoron Faransa ya gushe.

Wimbledon ba ta iya ci gaba da ɗaukar taron ba. Gidajen Landan suka matso, bindigogi suka ƙara nisan zango, masu filaye a bayan allunan suka yi ta ƙorafi kan harsasan da ke wucewa. A 1890 aka koma Bisley, kusa da barikokin soja, inda akwai daji mai faɗi a bayan fage. Gimbiya Alexandra ce ta yi harbin buɗewa. Aka ja ɗan reshen layin dogo daga tashar Brookwood zuwa cikin sansanin, ya yi aiki har 1952. Ƙungiyoyi suka giggina masaukansu, yawanci na katako da kwano masu baranda. Na 'yan Kanada an gina shi a 1897 da katakon da aka kawo daga ƙasarsu, yana nan tsaye har yau. Shekara biyu kafin nan wani ɗan Kanada, Hayhurst, ya zama baƙo na farko daga ƙetare da ya ci Kyautar Sarauniya.

Tsarin wannan kyauta ya cancanci a tsaya a kansa. Ana farawa da ɗaruruwan mutane a fagen Century, mai alluna sama da ɗari a jere, a harba daga yadi 300 da 500 da 600. Ana tankaɗe da rairaya har a rage mutum 100, su ne ke zuwa fagen Stickledown su harba daga yadi 900 da 1,000. A irin wannan nisa, baƙin da ke tsakiyar allo bai fi ɗigon tawada ba a ido. Maharbi na kwance, maɗaurin bindiga ya zagaye damtsensa, yana duban tutocin da aka kafa a gefen fage da kuma rawar da zafin ƙasa ke yi a cikin madubin hangensa. Daga su yake karanta iska, ya murɗa saiti kaɗan dama ko hagu, ya riƙe numfashi, ya matsa kunama. Can a rami, ƙarƙashin allo, wani ma'aikaci zai sauke allon, ya nemo hujin, ya maƙala alama, ya sake ɗagawa. Iskar da ta juya tsakanin dubawa da matsawa ta isa ta raba mutum da kyautar da ya shekara yana nema. Shi ya sa tsofaffin hannu kan gagari samari a nan: ƙarfin jiki ba ya maye gurbin sanin iska.

Wanda ya ci, ana ɗora shi a kan kujera, abokan karawarsa su ɗauke shi a kafaɗa, 'yan badujala na gaba, a zagaya da shi masauki-masauki. Arthur Fulton ya hau kujerar sau uku, a 1912 da 1926 da 1931. Mahaifinsa George ya ci a 1888, ɗan Arthur, Robin, kuma a 1958. A 1930 Marjorie Foster, mai kiwon kaji, ta zama mace ta farko da ta ci, mutanen garinsu suka yi karo-karo suka saya mata mota.

Ƙaramar bindiga ta shigo a makare, kuma ita ta fara fita. An soma gasar libarba tun ana Wimbledon, a 1885, inda Walter Winans, Ba'amurke mazaunin Ingila, ya daɗe yana jan zarensa. Bisley ta karɓi harbin wasannin Olamfik na 1908 da na 1948, har da na ƙananan bindigogi. Amma a watan Maris na 1996 wani mutum ya shiga makarantar firamare a Dunblane ta Sikotland da ƙananan bindigogin da yake da lasisinsu, ya kashe yara 16 da malamarsu. Alhinin ya girgiza ƙasar, a 1997 majalisa ta haramta wa farar hula mallakar kusan kowace irin ƙaramar bindiga a Ingila da Sikotland da Wales. Maharba suka miƙa nasu ga 'yan sanda. Waɗanda ke wakiltar ƙasar suka koma yin atisaye a waje, musamman Suwizalan, wato masu karɓar baƙi suka zama baƙi. Ko a wasannin ƙasashe renon Ingila na 2002, da aka yi harbinsu a Bisley, sai da gwamnati ta ba da izini na musamman kafin a harba fistol. Fagagen gajeren zango suka koma hannun masu gajerun bindigogin kafaɗa da masu tsofaffin bindigogin ɗuri, waɗanda dokar ba ta shafa ba.

Gasar doguwar bindiga ta ci gaba. Daga ɗurin baki an zo Martini-Henry, an zo Lee-Enfield mai harsashin .303, yau ana harbi da 7.62mm. Kowane Yuli tawagogi daga Kanada da Ostireliya da wasu ƙasashe na sauka a tsofaffin masaukan nan, kuma tun hawan Sarki Charles na Uku sunan kyautar ya koma Kyautar Sarki.