Farautar Babban Shak a Gaɓar Saurashtra: Yadda Sana'ar Ta Tashi da Yadda Ta Faɗi

Saurashtra, wanda tsofaffin littattafai ke kira Kathiawar, yanki ne na jihar Gujarat da ke yammacin Indiya wanda ya kutsa cikin Tekun Larabawa, kuma garuruwan da ke jere a bakin gaɓarsa, irin su Veraval da Mangrol da Sutrapada da Porbandar da tsibirin Diu, sun daɗe suna cin abincinsu daga teku ta hanyar su da fatauci da sassaƙar jiragen ruwa na katako. Veraval, wadda ta fi sauran girma a harkar kifi, tana ƙarƙashin sarakunan Musulmi na Junagadh har zuwa 1947, kuma a zamanin da tana cikin tashoshin da maniyyata ke hawa jirgi zuwa Makka, yayin da Diu ta zauna a hannun Turawan Fotugal har 1961. A wannan gaɓa ce aka yi ɗaya daga cikin farauta mafi tsanani da aka taɓa yi wa kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya, a nan ne kuma aka ga masu farautar sun ajiye ƙugiyoyinsu cikin 'yan shekaru kaɗan.

Kifin da ake magana a kansa shi ne wanda masana ke kira Rhincodon typus, wanda za a riƙa ambata a nan da babban shak. Yana cikin dangin shak, wato kifayen da ƙashinsu guringuntsi ne, tsawonsa kan kai mita 12 har ma ya wuce, bayansa mai duhu ne da fararen ɗige-ɗige da layuka, sai dai duk girman nan nasa ba ya farautar manyan dabbobi kuma ba ya cutar da mutum. Abincinsa fulankiton ne, wato ƙananan halittun da ke shawagi cikin ruwa, tare da ƙwan kifi da 'yan ƙananan kifaye, waɗanda yake samu ta hanyar buɗe faffaɗan bakinsa ya kwashi ruwa sannan ya tace shi ta ramukan numfashin da ke gefen wuyansa. Likitan sojan Birtaniya Andrew Smith ne ya fara bayyana shi a ilimance, daga wani da aka soka da mashi a 1828 kusa da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, amma sanin rayuwarsa ya yi jinkiri ƙwarai, domin sai a 1995, lokacin da masuntan Taiwan suka kama wata mace ɗauke da 'ya'ya kimanin 300 a cikinta, aka tabbatar cewa haihuwa yake yi ba ƙwai yake zubarwa a ruwa ba. Yana kuma daɗewa kafin ya balaga, har akan kiyasta shekara 25 ko fiye, wanda hakan ke nufin duk inda aka kashe shi da yawa ba a cike gurbin da wuri.

Ba za a fahimci tarihin farautarsa ba sai an fahimci abin da ke kawo shi bakin gaɓa. Tekun Larabawa yana bin tsarin monsun, wato iskar da ke sauya alkibla sau biyu a shekara: daga Yuni zuwa Satumba tana busowa daga kudu maso yamma da ruwan sama da manyan igiyoyi, sai masunta su janye jiragensu, daga baya kuma ta juya ta fito daga arewa maso gabas, teku ya lafa. Wannan juyi yana motso ruwan ƙasa mai ɗauke da abinci zuwa sama, fulankiton ya yawaita, ƙananan kifaye su biyo shi, babban shak kuma ya biyo su. A gaɓar Saurashtra akan fara ganinsa bayan monsun ɗin kudu ya wuce, amma watannin Maris zuwa Mayu su ne lokacin da ya fi yawa, yana tafiya a hankali dab da saman ruwa, ba ya gudun jirgi, ba ya kuma yin faɗa. Waɗannan halaye uku, wato zuwa a kan lokaci, zama a saman ruwa da rashin tsoro, su ne jarin da aka gina sana'ar a kai.

Da farko abin bai kai a kira shi sana'a ba. Jiragen wannan gaɓa na katako ne, kuma katako yana bukatar a riƙa shafa masa mai domin kada ruwan gishiri ya ci shi, hantar babban shak kuwa cike take da mai. Saboda haka masunta, musamman na al'ummar Kharwa wadda ta gaji aikin teku, sukan kashe ɗaya jefi-jefi, su farke cikinsa su cire hantar, su narkar da ita su shafe jiragensu, sauran naman kuma a bar wa teku, domin mutanen yankin ba su ɗauke shi abinci ba, ga shi kuma Gujarat jiha ce da jama'arta da yawa ba sa cin nama ko kifi. Masuntan tsibiran Maldibs ma sun yi irin wannan amfani da man hantarsa. Bukata ce mai iyaka, tunda yawan jiragen da za a shafa shi ne ke ƙayyade yawan kifin da za a kashe.

Wannan iyaka ta fara gushewa daga tsakiyar shekarun 1980, ta kuma rushe gaba ɗaya a farkon shekarun 1990, lokacin da 'yan kasuwa masu fitar da kaya waje suka gano cewa abin da ake zubarwa a Veraval kuɗi ne a gabashin Asiya. A Taiwan ana cin naman babban shak, wanda yake fari mai laushi har suna kamanta shi da awara, fika-fikansa kuma suna shiga kasuwar miyar fiffiken shak, sai fata da guringuntsi su ma suka samu masu saye. Daga nan farauta ta koma aiki na musamman mai lokacinsa da kayan aikinsa. Jirgi mai inji yakan fita da mutum guda a bisa wuri mai tudu yana leƙen inuwar kifin, idan an hango shi sai a matso dab da shi a soka masa ƙatuwar ƙugiya mai nauyi wadda aka ɗaure da igiya, ɗaya bakin igiyar kuma yana ɗaure da manyan ganguna marasa komai a ciki. Kifin yakan nutse da zarar ya ji zafi, gangunan su riƙa jawo shi sama, ya sake nutsewa su sake dawo da shi, har sai ƙarfinsa ya ƙare, sannan a janyo shi zuwa ruwa marar zurfi a shiga daddatsa shi da wuƙaƙe, sau da yawa yana da sauran rai. Gangunan sun shahara har masunta suka koma kiran kifin kansa da sunan ganga. Wani bincike da Fahmeeda Hanfee ta gudanar wa ƙungiyar TRAFFIC, mai bibiyar cinikin namun daji, ya ƙirga babban shak 591 da aka fito da su a gaɓar Gujarat tsakanin 1999 da 2000, adadin da babu wata halitta mai jinkirin balaga irin wannan da za ta iya jure masa.

Ba daidai ba ne a ɗora wa masuntan laifin rashin imani kawai a wuce. Watannin da kifin ke zuwa su ne na ƙarshen kakar su, lokacin da kamu ke raguwa kuma monsun ke gabatowa da watanninsa na zaman gida, saboda haka kifi guda da zai biya kuɗin mai da ladan ma'aikata ya kuma bar wani abu ba abin da talaka zai kau da kai daga gare shi ba ne, alhali ribar gaske tana wajen masu fitar da kayan.

A shekarar 2000 mai shirya fina-finai Mike Pandey ya fitar da fim ɗin Shores of Silence, wanda ya nuna yadda ake yanka kifin a bakin gaɓa, fim ɗin kuma ya ci lambar yabo ta Wildscreen a Birtaniya, ya ja hankalin hukumomi. A watan Mayun 2001 gwamnatin Indiya ta sanya babban shak cikin jadawali na farko na dokar kare namun daji ta 1972, wato matakin kariya iri ɗaya da na damisar ƙasar, ya zama kifi na farko da ya samu wannan matsayi. Maldibs ta riga ta hana kama shi tun 1995, Filifin a 1998, kuma Indiya da Filifin ne suka jagoranci sanya shi cikin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittun da ke cikin haɗari a 2002, Taiwan kuwa ba ta rufe tata farautar ba sai 2008. Sai dai gwamnatin Indiya ta ga iyakar ƙarfin doka a cikin shekarar 2001 ɗin kanta, domin da ta faɗaɗa haramcin a watan Yuli ya haɗa dukan nau'o'in shak, masunta suka tayar da ƙayar baya, kafin ƙarshen shekara aka janye shi aka bar nau'o'i kaɗan. Gaɓar Gujarat doguwa ce ƙwarai, babu ma'aikatan da za su tsare ta, kuma da yawa daga masuntan ba su ma san an yi dokar ba.

Abin da ya sauya lamarin shi ne gangamin da ƙungiyar Wildlife Trust of India ta fara a 2004 tare da kamfanin Tata Chemicals da hukumar gandun daji ta Gujarat, waɗanda suka yi dabarar neman bakin Morari Bapu, malamin addinin Hindu ɗan asalin Saurashtra wanda dubban mutane ke taruwa jin karatunsa na labarin Rama. Bai yi wa masunta maganar ƙididdiga ba. Ya ce musu wannan kifi 'ya ce da ta taho gidan iyayenta daga nesa domin ta haihu, kuma babu uban da zai ɗaga wa 'yarsa makami a irin wannan hali, misalin da Bahaushe ba zai sha wahalar ganewa ba, tunda shi ma ya san goyon ciki, inda mai cikin fari ke komawa gaban iyayenta har ta sauka ta yi wanka. Aka raɗa wa kifin suna Vhali, wato abar ƙauna, aka riƙa zagaya garuruwa da wani kwaikwayonsa na roba mai girman na gaske ana wasan kwaikwayo a tituna, Porbandar ta ɗauke shi a matsayin alamar gari, wasu garuruwa suka bi sahu, daga baya gwamnatin jihar ta keɓe masa rana guda a kowace shekara.

Wa'azi kaɗai da bai wadatar ba, domin ko bayan an daina farautar kifin da gangan yana ci gaba da faɗawa cikin koma, kuma sakinsa yana nufin masunci ya yanka komarsa da hannunsa. A 2006 gwamnatin Gujarat ta fara biyan diyya har rufi 25,000 na kuɗin Indiya ga wanda ya yi hakan. Da farko sai an jira jami'ai sun iso sun shaida, jiran da kan sa kifin ya galabaita, sai a 2012 aka raba wa masunta kyamarori marasa jin ruwa domin su ɗauki hoton sakin da kansu su gabatar a matsayin hujja. Ta wannan hanya an saki ɗaruruwan babban shak, adadin da ya haura 700 kafin shekarar 2020. A 2013 kuma masuntan yankin suka kawo rahoton jariran kifin da suka shiga komarsu, abin da ya ƙarfafa zaton cewa ana haihuwarsu a kusa, ko da yake lokacin da malamin ya yi maganarsa misali ne na wa'azi ba sakamakon bincike ba.

Binciken da ya biyo baya ne ya nuna girman abin da ya rage. Tun daga 2011 aka fara maƙala wa kifin na'urorin da ke aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, kuma wata mace da aka maƙala wa a kusa da Sutrapada a ƙarshen 2016 ta yi tafiyar sama da kilomita 5,000, ta nufi ɓangaren Somaliya sannan ta karkato wajen Maldibs. A wasu tekuna an ga abin da ya fi haka, kamar wata da aka bi sawunta daga gaɓar Panama har yammacin Tekun Fasifik, tafiyar fiye da kilomita 20,000, an kuma auna nutson da ya kai kusan mita 1,900. Ba kowanne ne ke yin nisa ba, domin na tsibirin Mafia a Tanzaniya sukan shekara a wuri guda. Haka ma manta, wani faffaɗan kifi mai fika-fikai kamar na tsuntsu wanda shi ma fulankiton yake tacewa, yana bin iskar monsun: a Maldibs yakan taru a gabashin tsibirai lokacin monsun ɗin kudu maso yamma, ya koma yammacinsu idan iska ta juya, a mashigin Hanifaru kuma akan ga manta da babban shak suna kiwo tare. Shi ma kasuwar waje ce ta same shi, saboda matatan numfashinsa da ake busarwa ana sayarwa a kudancin Sin, har aka sanya shi cikin CITES a 2013.

Kifin da masuncin Veraval ya yanka komarsa ya saka yana shiga ruwan da babu diyya kuma babu mai wa'azi, inda dogayen komar masu kamun tuna ke shimfiɗe, manyan jiragen dakon kaya da na mai kuma suke ratsawa dare da rana. Wani bincike da aka buga a 2022, wanda ya bi sawun babban shak 348, ya gano cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na wuraren da suke yawo sun haɗu da hanyoyin manyan jirage. Masuntan Saurashtra sun sauke nauyin da ke kansu, har an kai irin wannan gangami jihar Kerala daga 2017, amma a 2016 ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ta ɗaga matsayin babban shak zuwa jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, bisa kiyasin cewa yawansa a duniya ya ragu da fiye da rabi cikin shekara 75, kuma raguwar ta fi tsanani a Tekun Indiya da Tekun Fasifik.