HAƘORIN KAKA DA HAƘORIN JIKA

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, don masu ƙarancin data. Yau tarihin za mu duba shi ne daga cikin baki.

Kakata 'yar Argungu ce. Ta rasu da tsufa sosai, amma har ƙarshen rayuwarta tana fasa goro da haƙorinta. Haƙoran nan jajaye ne wur, saboda goro da fure, ko in ce hure yadda muke faɗa a nan, wato furen taba da mata ke gogawa don ado. Kwanan baya kuma na raka ɗan yayata, mai shekara biyar, a cire masa haƙori a Birnin Kebbi. Na gaban duk sun yi baƙi, sun rarake. Sai na ce, to me ya faru tsakanin kaka da jika?

Mu fara da abincin da. Bakabe na da tuwon shinkafar fadama, da fura da nono, da kifin gulbi. Kifin nan ne ma aka nuna wa Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da ya ziyarci Argungu a 1934, ziyarar da ta zama mafarin bikin kamun kifi da duniya ta sani. Goro kuwa fatake ke ɗauko shi tun daga Gwanja, ayari ya yada zango a Jega. Zaƙi akwai shi: zuma, rake, mazarƙwaila, alkaki, nakiya. Amma abin Sallah ne da biki da gara. Yaro zai iya mako bai lasa ba. Ga asuwaki kullum a baki, musamman lokutan salla.

Yanzu kar wani ya ce ai da can komai lafiya lau. Wallahi ba haka ba ne. Ina yaro akwai wani mutum da nake gani a kasuwa, kullum rabin fuskarsa a rufe da ƙyalle. An ce mana iska ce ta taɓa shi. Sai da na girma na gane cutar da likitoci ke kira noma ce. Ba noman gona ba fa, sunan daga harshen Girka yake. Mu a nan wasu kan ce ciwon iska, wasu ciwon daji.

Ga yadda take. Tana farawa ne da kumburin dasashi, yana jini, baki yana wari. In yaron ƙoshe yake, abin kan tsaya nan. In kuwa tamowa ta riga ta karya shi, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, cikin 'yan kwanaki sai ciwon ya ci kumatu da leɓe, har ƙashi. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, wato daidai bayan yaye, lokacin da ake barin yaro da kunu tsura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba magani, kusan 9 cikin 10 ba sa tashi. Alhali in an gano da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa.

Abin da ya nuna cutar yunwa ce: Turai ma ta yi fama da ita, ta ɓace da abinci ya wadata, sannan ta sake ɓulla a sansanonin da 'yan Nazi suka tsare mutane a yaƙin duniya na biyu. A 1999 aka buɗe asibitin yara masu wannan cuta a Sakkwato, kuma har yau ana kai marasa lafiya can daga ƙauyukan Kebbi da Zamfara. Najeriya ce ta jagoranci kiran da ya sa a Disamban 2023 aka saka ta cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa riƙon sakainar kashi.

To, wannan ciwon rashi ke nan. Na ɗan yayata kuma ciwon samu ne. Tun da farin sukari ya shigo kanti, mai shayi ya kafa tebur a kowace kwana, zaƙi ya tashi daga abin Sallah ya koma abin kowace sa'a. Koko da sukari, shayi da madarar gwangwani, biskit da alewa a hanyar makaranta, lemon kwalba da dare. Kwalba ɗaya na iya ɗaukar kusan ƙaramin cokali 9, alhali shawarar hukumar lafiya ga babba kar ya wuce kamar 12 a yini. Ƙwayoyin da ke baki su ke mayar da sukarin nan tsami, tsamin ya riƙa cin haƙori. Yawu na gyara ɓarnar in an ba shi lokaci. Mai tsotsar zaƙi daga safe har dare bai ba shi ba. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemo a dokar kuɗi ta 2021, amma haraji ba ya shiga ɗakin uwa.

Abin da ke damuna shi ne, yau ciwon biyu na iya haɗuwa a gida ɗaya. Sukari ya fi kifi da ƙwai araha. Yaro ya sha ruwan zaƙi ya yi shiru, a ce ya ƙoshi.

Don Allah yau in ka koma gida, ɗaga leɓen ƙaninka ka duba. In dasashi na jini ko baki na wari, a nufi asibiti, kar a jira. Kuma ku tambayi tsofaffinku, sau nawa suke shan zaƙi suna yara? Sai mun ji daga gare ku. Mu kwana nan.